Ɗana ɗan shekara 3 ya koyi zagi da daƙuwa, yaya zan yi?

'Yar'uwa, kin ce yaronki ya fara cewa "uwaka" yana watsa wa mutane yatsu biyar, kuma duka bai hana shi ba. Yaron da ke wannan shekarun bai san ma'anar zagi ba. Abin da ya gani shi ne duk sanda ya faɗa sai gida ya kaure da dariya, ko kowa ya juyo kansa.

A 1961 Albert Bandura, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya yi gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka: yara suka kalli babba yana dukan 'yar tsana, da aka bar su da ita suka maimaita irin dukan. Shi ya sa mari ba ya magani. Kina koya masa cewa mai ƙarfi shi ke bugun ƙarami, gobe ƙanensa zai sha.

Ki fara da manya. Ki roƙi yayyensa, kakarsa da maƙwabta su daina dariya, su kuma kama bakinsu a gabansa. In ya yi zagin, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki riƙe hannun, ki ce "ba ma faɗin haka" sau ɗaya, ba tsawa. Sannan ki ba shi abin da zai faɗa maimakonsa: "na ji haushi", "ba ni abina". Ranar da ya faɗi haka, ki yabe shi nan take.

Kwanakin farko zagin kan ƙaru, don yana gwada ko dariyar za ta dawo. A nan iyaye da yawa ke sarewa. In mutum ɗaya ya ci gaba da dariya, aikin ya koma baya.