Amsa: Wace taya ce za ta dace da rim mai inci 17?

Malam, ka ce tayoyinka na yanzu 205/55 R16 91V ne, kana son ɗora rim mai inci 17. Babu laifi, amma tsayin tayar baki ɗaya kada ya sauya sosai, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, tayar ma tana iya gogar jikin mota idan ka karya kwana.

Tayarka ta yanzu tsayinta kusan milimita 632 ne. Nemi 225/45 R17, ita 634 ce, kusan ɗaya suke.

Inda mutane ke yin sakaci shi ne lambar nan 91. Ita ke nuna nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka, wato kilo 615. Na taɓa ganin wanda ya sa 215/45 R17 mai lamba 87 don ta fi araha, alhali iyakarta kilo 545. Ya yi lodi, ya hau doguwar hanya, gefen tayar baya ya kumbura kamar ƙurji. Kada ka sauka ƙasa da 91, in ka samu 94 XL, wato mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi, ma ya fi.

Sai dai ka sani, gefen tayar ya gajarce, duk ramin da ka faɗa za ka ji shi a ƙugunka. Duba takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, mai nuna irin tayar da ta dace da motarka, kafin ka biya.