Amsa: Lissafin waya a filin maganaɗisu

Ɗan'uwa ka ce kana lissafin ƙarfin da ke tura wayar lantarki a filin maganaɗisu, wayar santimita 20 ce, karent 3A, B (wato ƙarfin filin maganaɗisun) kuma 0.5T, kusurwa digiri 30, kai kana samun 15 amma littafi ya ce 0.15N. Fomularka daidai take wato F = BIL sinθ (F ƙarfin turawa, I karent, L tsawon waya a mita, θ kusurwa), tsawon wayar ne ya ci ka. Sai ka mayar da santimita 20 zuwa mita tukuna, 0.2 kenan, sannan 0.5 × 3 × 0.2 ya ba ka 0.3, sin 30 kuma rabi ne, ka ga 0.15 ta fito.

Wani abin da ke kayar da yara a WAEC shi ne kalkuleta, in tana kan RAD (wato tana auna kusurwa da radiyan, ba digiri ba) sin 30 zai ba ka kusan -0.99, to ka leƙa saman allonta ka ga D ko DEG, wato digiri, kafin ka danna komai. Kuma don Allah ka riƙa zana hoton, domin kusurwar tsakanin waya da layukan filin ake nufi, wani lokaci su ba ka wadda ke gefe, wato wadda in an haɗa ta da wannan ake samun digiri 90, sai ka cire ta daga 90.

Inda ƙarfin ya nufa kuwa dokar hannun hagu ta Fleming ce, wannan kam gara malaminku na fiziks ya nuna maka da yatsunsa, a rubuce rikitarwa take.