Ɗalibin bincike daga Jamus zai zo Kano: wace biza zai nema?

Malam, ka ce ɗalibin digiri na uku zai yi wata shida yana bincike a Jami'ar Bayero. Tushen komai wasiƙar gayyata ce daga jami'ar, mai nuna ta ɗauki nauyinsa. Da ita zai nemi biza tun yana can. Don Allah kada ya shigo da bizar yawon buɗe ido, ba don wannan aka yi ta ba. Zama mai tsawo haka yakan buƙaci katin CERPAC, wato katin izinin zama na 'yan ƙasashen waje. Ya riƙo shaidar rigakafin zazzaɓin shawara. In binciken ya shafi marasa lafiya, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da zai yi aikin ya amince. Tsarin biza ya sauya a 2025, don haka ka leƙa ofishin Hukumar Shige da Fice na Kano kafin ya yanki tikiti.