Ina so in bar aikin ofis in buɗe shagon gyaran gashi, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekaruna 34, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Shekara tara ke nan ina aikin akawu a wani kamfani a Adum, albashin kuwa ba ya kai ni ƙarshen wata. Tun ina yarinya nake kitso, har yau ni nake yi wa ƙannena da maƙwabta. Na tara sidi 30,000 ta hanyar susu, wato adashi. So nake in ajiye aiki in kama shago kafin Babbar Sallah. Maigidana ya ce in nemi shawara tukuna. Me kika gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maigidanki ya yi gaskiya. Ni ma daga aji na fito, malamar firamare ce ni kafin in riƙe kibiya da mataji, don haka ba zan ce miki kada ki canza sana'a ba. Abin da zan ce shi ne, shago shi ne abu na ƙarshe da za ki kashe wa kuɗi, ke kuma kin sa shi a farko.

Wadda kike yi wa kitso kyauta ba ta da bakin kushe hannunki. Ranar da ta biya, ranar za ki ji cewa tsagar ta karkace, ko kin ja mata gashin goshi har ta kwana da ciwon kai. Kuma kitso kashi ɗaya ne na aikin. Mai shago dole ta san wankin kai, da turara gashi, da busarwa, da yadda ake sa rilaksa, wato man miƙar da gashi. Nan ne hatsarin yake. Sinadarin da ke cikin rilaksa mai ƙarfi ɗan'uwan sodar da ake yin sabulu ne, idan ya wuce lokacinsa a kai ko ya sami fatar da aka sosa, ƙuna yake yi. A shekarata ta farko na sa wa wata amarya, kwana biyu kafin ɗaurin aure, ban tambaye ta ko ta tsefe kai da safiyar ba. Ta yi shiru tana jurewa don kunya, ni kuma ina ta hira. Da na wanke, bayan kunnenta ya yi ja kamar an ɗora mata garwashi. Unguwarsu gaba ɗaya na rasa, shekara biyu ba wadda ta tako mini daga can. Haka nan dole ki iya bambanta amosani da makero, ki san kan da za ki ce wa mai shi ta je asibiti kafin ki taɓa, ki san cewa mataji da tawul ba a ɗauke su daga wannan kai a kai wancan ba wanki.

Hanyar da aka saba a nan ita ce ki zauna a ƙarƙashin madam, wato mai shagon da ke koyar da sana'ar, shekara biyu zuwa uku, ki yi shara, ki wanke tawul, har a yi miki bikin yaye. Mace mai shekara 34 da gida a wuyanta ba lallai ta bi wannan ba. Ki nemi madam mai hannu, ki gaya mata gaskiya cewa kin iya kitso, sauran kike nema, ku daidaita a kan Asabar da Lahadi da yamma bayan an tashi daga aiki. Ki shirya wa zuciyarki cewa yarinya 'yar shekara 19 za ta gyara miki kuskure a gaban jama'a. Da yawa daga masu baro ofis a nan suke karaya, ba a wajen kuɗi ba. Idan hannu ya faɗa, ki zauna jarrabawar sana'a ta gwamnati ki karɓi takarda, ki kuma shiga ƙungiyar masu gyaran gashi ta ƙasa, GHABA. Takardar ba ta kitso, amma ranar da za ki ɗauki 'yan koyo ko ki nemi rance za ki ga amfaninta.

Yanzu ga kuɗin. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma ke kin san Kumasi: shekara biyu za a ce miki, wani wurin har da kuɗin shiga na daban. Ki ɗora draya, da kwanon wanke kai, da madubi, da kujeru, da tankin ruwa don ranar da famfo ya yi shiru, da mitar kamfanin wutar lantarki, ECG, wadda draya ke sha kamar rakumi ya sami rijiya. Wadda ta yi sana'ar nan a shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta, musamman 2014 da 2015, ba ta manta yadda ake zaunar da mace da jiƙaƙƙen kai ana jiran wuta ba. Kayan aikinmu kuma yawanci daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. A ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, man da na saro a kasuwar Kejetia wannan wata ba na iya maye shi da cinikinsa wata mai zuwa. Idan kika zuba 30,000 ɗin nan duka a haya da kaya, da me za ki ci a watannin da shago bai fara ciyar da kansa ba?

Kuma kada Sallah ta ruɗe ki. Satin Sallah kowace makitsiya a Zango sarauniya ce, ana kwana ana kitso da lalle. Bayan sati biyu sai ki zauna kina korar ƙuda. Farkon azumi ma haka yake. Bukukuwan aure da suna su ne suke riƙe mu a tsakani, su kuwa ba allon shago ke kawo su ba, baki ne: wannan ta gaya wa waccan.

Akwai abin da ya kamata ki yanke tun yanzu, wato su wa za ki yi wa aiki. Matar Zango mai lulluɓi ba za ta buɗe kanta a shagon da ƙofarsa ke kallon titi ba, masu okada da masu sayar da waake suna leƙe. Labule mai kauri, da wurin salla, da dokar cewa namiji ba ya shigowa, sun fi mata madubi mai fitila. Sannan batun ƙarin gashi. Hadisin da ya hana shi sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kodayake wasu malamai sun sassauta a kan zare da ulu. A wasu unguwannin Kumasi ribar shago a nan take, a ƙari da wig. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki tsaya a kan abu ɗaya kafin ki buɗe, don kada kuɗin haya ya yanke miki hukunci daga baya. Ni ba na yi, kuma shagona bai mutu ba: shuku, kalaba, kitson yara, gyaran gashin da ya karye da man kaɗe, da lallen amare su suka riƙe ni.

Takardun hukuma ba su da wuya ga akawu irinki. Ki yi rajistar sunan sana'a a ofishin rajistar kamfanoni, lambar Ghana Card ɗinki ita ce lambar harajinki a hukumar haraji, GRA, lasisin shago kuma a majalisar Asokore Mampong za ki karɓa tunda Aboabo a ƙarƙashinta take. Ki buɗe layin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na shago daban da na cefane.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa. Idan kamfaninku ya biya miki duk shekara taran nan, kina da wata 108. Fansho sai da wata 180, saura 72 ke nan, shekara shida. Mai sana'ar kanta tana iya ci gaba da biya da hannunta, kada ki bari ya tsaya. Sana'ar nan ta tsayuwa ce, baya da gwiwa da yatsu suna gajiya tun kafin mai su ta yarda. Ranar tafiya kuma ki ba kamfani sanarwar wata guda kamar yadda dokar ƙwadago ta 2003 ta tanada ga wanda ya kai shekara uku, ki fita ta ƙofa. Matan ofishin nan su ne kwastomominki na farko masu biya ba ciniki.

Saboda haka wannan Sallar ki yi ta a tsakar gidanku, da kujera ɗaya da madubi ɗaya. Ki sa farashi, har ga maƙwabtan da suka saba da kyauta. Ki sami littafi ki riƙa rubuta kowane kai, da abin da aka biya, da man da ya tafi, da awa nawa kika tsaya. Bayan wata shida ki duba suna nawa ne suka dawo sau uku, ki sake rubuto mini da adadin, sai mu yi maganar shago.