Zauren Iyaye: IT Ɗin Yaro Ya Raba Kan Gida Uku

Tambaya daga wata uwa a Anguwan Rogo, Jos:

Assalamu alaikum Baba Malam. Ɗana na fari yana aji huɗu a jami'a, yana karanta injiniyancin lantarki, kuma wata mai kamawa za su fita IT, wato koyon aiki a wajen makaranta, na wata shida. Maganar ta raba kan gidanmu uku. Mahaifinsa yana da rumfa a kasuwar Katako, ya ce yaron ya zo ya riƙe masa rumfa, akwai amininsa mai kamfani da zai buga masa hatimi a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi, magana ta ƙare. Ni kuma yayana yana aiki a wata ma'aikata a Abuja, ya ce a turo shi ya sa shi a ofis, ko Allah zai sa ya san manya. Shi kuwa yaron ya kafe sai wajen wani mai haɗa sola a nan Jos, wanda ya gaya masa ƙiri-ƙiri ba zai ba shi ko sisi ba sai kuɗin abinci ranar da aka fita aiki. Ni dai ba na son in ga ɗan da muka sha wahala a kansa yana hawa rufin kwanon mutane kamar wanda bai je makaranta ba. Wanne za mu bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya mana shi, Ya sa ku ci moriyarsa. Zan fara da shawarar Alhaji maigidanki, domin ita ce nake roƙon a janye tun yau, kuma zan gaya miki dalili daga abin da idona ya gani.

Na yi shekaru ina koyar da aikin lantarki a wata makarantar fasaha kafin in yi ritaya. Kowace shekara akan ba ni sunayen ɗalibai in bi su wuraren da suke IT in duba su. Akwai wani yaro da har yau ba na mantawa. Na bi adireshin da ya bayar, na sha tambaya a layin, daga ƙarshe aka nuna mini wani shago a kulle, maƙwabta suka ce ba su taɓa ganin wani ɗalibi a wurin ba. Da aka koma makaranta sai ga shi da logbuk cike fal, biro ɗaya daga farko har ƙarshe, babu ɗigon baƙin mai, babu shatin yatsa, gefen takardar ko lanƙwasa babu. Littafin da ya yi watanni a wurin aiki ba haka yake dawowa ba. Ranar kare rahoto na ajiye masa mita da batir guda a kan tebur, na ce auna mini. Ya ɗauki wayoyin nan biyu, ja da baƙi, ya rasa ramin da zai sa kowanne, hannunsa na rawa. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, Hajiya, lissafi ba ya ba shi wuya. Da yamma ya same ni a ofis yana share hawaye, ya ce babansa ne ya zaunar da shi a shago. Sai da ya sake IT ɗin, abokan karatunsa suka wuce suka bar shi. Uban da ya yi nufin samun ɗan taimako na 'yan watanni, sai ga shi ya biya kuɗin makarantar shekara guda a banza.

Wannan abin da yara ke kira IT, sunansa a hukumance SIWES, kuma mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa saninsa, tunda hedikwatar ITF, hukumar da ke kula da shi, tana nan kan titin Miango. An kafa ta a 1971, ta ɓullo da shirin a 1973, saboda masu masana'antu na lokacin suna kukan cewa ana kawo musu matasa da takarda a hannu amma ba su san kan inji ba. Darasi ne mai maki kamar kowane darasi, makinsa ma ya fi na yawancinsu nauyi. Ɗalibi zai karɓi wasiƙa daga makaranta, ya kawo takardar amincewa daga wurin da zai yi aiki, ya kai fom ɗin fara aiki ofishin ITF mafi kusa, ogansa ya riƙa sa hannu a logbuk kowane mako, malami ya zo daga makaranta ya gan shi, a ƙarshe a cike Fom 8, ya rubuta rahoto ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Hatimin aminin Alhaji zai rufe ƙofa ɗaya ne cikin waɗannan, sauran suna buɗe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban da haka, ƙarya ce, kuma uba ne zai koya wa ɗansa ita da hannunsa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ban raina buƙatar Alhaji ba. Kasuwa ta yi wuya, amintaccen yaron shago ya yi ƙaranci, kuma ɗa yana da haƙƙin ubansa a kansa. A ba shi Asabar da Lahadi. Ki kuma tuna masa cewa injinan tsaga katakon da ke kewaye da rumfarsa dukkansu da lantarki suke aiki, kuma duk ranar da ɗaya ya ƙone sai an nemo mai naɗin kwil an jira shi. In yaron nan ya koyi aiki da gaske, 'yan Katako ne za su riƙa sallama a ƙofar gidanku.

Batun Abuja kuwa, ki yi wa yayanki tambaya ɗaya: me yaron zai taɓa da hannunsa? In sashen da ke kula da janareta da taransifoma da wayarin ɗin ginin za a sa shi, ƙarƙashin injiniyan da zai riƙa fita da shi, to wuri ne mai kyau, ya tafi da albarkata. In kuwa tebur ne da kujera, na ga irinsa da yawa: a aike shi sayen abinci, ya kai fayil hawa na uku, ya yi hoton takardu, sauran yinin yana latsa waya. Manyan da kike so ya sani ba sa riƙe sunan yaron da ya kawo fayil. Ki haɗa da lissafin kuɗin mota daga Mararaba ko Kubwa zuwa cikin gari kullum har wata shida, a wannan zamani da aka cire tallafin mai tun watan Mayun 2023. Alawus ɗin SIWES kuwa naira 2,500 a wata aka daɗe ana biya, kada ma a sa shi a lissafi.

Yanzu ga zaɓin yaron, wanda zuciyata ta fi kwanciya da shi. A wajen mai sola zai ga abin da aka rubuta masa a allo ya zama abin taɓawa. Zai jera batir huɗu masu bolt 12 kai da gindi ya ga mita ta nuna 48, ya sake haɗa su gefe da gefe ya ga ta tsaya a 12 amma sun fi daɗewa. Zai koyi lissafin kayan gida, firji nawa, fanka nawa, injin ruwa na ja nawa lokacin tashi, kafin a zaɓi inbata. Zai gane dalilin da ya sa ake karkatar da fanel ya fuskanci kudu da ɗan kwanciya kaɗan a garinmu, tunda Jos tana kusa da digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, da yadda sanyin nan namu ke taimakon fanel, da yadda ƙurar hunturu ke rage masa ƙarfi in ba a wanke ba. Zai ga siririyar waya ta yi zafi a hannunsa, daga ranar ba zai sake manta dalilin zaɓen kaurin waya ba. Zai kuma ga yadda ake ciniki da mai gida, da yadda ake haƙuri da wanda ya ƙi cika kuɗi, abin da babu jami'ar da ke koyarwa.

Amma da sharaɗi. Alhaji ya taka da ƙafarsa ya ga mutumin, zuwa da kai ya fi aike. A tabbatar yana da rajistar kamfani da takarda mai tambari, kuma ofishin SIWES na makarantar ya amince da wurin kafin a fara. A tambaya ko yana da aiki a kai a kai, kada yaro ya yi wata shida yana gadin shago. Ku saya masa takalmin aiki da safar hannu da hular kwano, kuma a ja masa kunne cewa wutar batir da ta fanel ba ta san ɗan jami'a ba. Kafin nan ma ya kai wasiƙarsa kamfanin rarraba wuta na JED, da NESCO a Bukuru, wanda tun 1929 yake samar da wuta daga ruwan Kurra, da masana'antu irin su NASCO. In ɗayansu ya karɓe shi zai ga manyan injina da babban layi, abin da mai sola ba shi da shi.

Hawa kwano kuma, Hajiya, ki saki ranki. Ko hukumar COREN ba ta yi wa mutum rajistar injiniya da takardar digiri kaɗai, sai ya nuna shekarun da ya yi a bakin aiki. Duk ɗaliban da na koyar da suke ɗaukar wasu aiki a yau, na san su da tasta a aljihun riga da filaya a aljihun baya. Yaron da ya zaɓi wahala da kansa alhali an miƙa masa ofis mai sanyi, ki gode wa Allah a kansa, ki riƙa sa masa abinci a kula.

Tambaya daga wani mahaifi a Rikkos:

Malam, 'yata tana karanta ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Jos, ta samu gurbin IT a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Mahaifiyarta na murna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Wurin da nisa, kuma ka san halin garinmu. Ga shi an kusa sa mata rana. Ba gara ta yi a ɗan ɗakin gwajin da ke bakin layinmu ba?

Amsa:

Alhaji, damuwarka ta uba ce, kuma duk wanda ya kwana cikin dokar hana fita a garin nan ba zai ce ka yi tsoron banza ba. Sai dai ka san darajar abin da 'yarka ta samu. Cibiyar Vom tana nan tun 1924, ta yi suna ne wajen yaƙi da ciwon bushiya da ya riƙa share garken shanu, har yau kuma can ake yin alluran rigakafin dabbobi da kaji da ake kaiwa ko'ina a ƙasar nan, can ake gwajin murar tsuntsaye. A ɗakin gwajin unguwa za ta yini tana duba zazzaɓin cizon sauro da taifot, cikin mako biyu ta gama koyon abin da ke wurin. A Vom za ta ga na'urorin da ba ta taɓa gani ba sai a littafi.

Ka kai ta da kanka ranar farko, ka gaisa da wanda zai kula da ita, ka karɓi lambarsa. Ba ita kaɗai ba ce daga ajinsu, su haɗu su uku ko huɗu su riƙa tafiya tare ta Bukuru, su baro da wuri, magariba ta same su a gida. Duk ranar da gari ya yi wani iri ta zauna, a kira ogan a gaya masa. Mahaifiyarta kuma ta zaunar da ita ta gaya mata cewa in wani ya yi mata maganar da ba ta dace ba, a wurin aiki ko a mota, ta faɗa a gida ba tare da tsoron za a hana ta zuwa ba. Yawancin 'yan matan da ke yin shiru, wannan tsoron ne ke rufe musu baki.

Sa rana kuwa Allah Ya sanya alheri, amma a gaya wa manemin tun yanzu cewa tana da IT da shekarar ƙarshe da bautar ƙasa a gabanta, a ji ta bakinsa gaban waliyyai. Mu ne muke kuka in matanmu sun je asibiti babu mace a ɗakin gwaji.

Tambaya daga wata uwa a Gangare:

Baba, tun yajin aikin malaman jami'a na 2022 ɗana ya fara sana'ar POS, yanzu duk hutu yana komawa. Mahaifinsa ya ce kuɗin na gida ne, yaron kuma yana ɓoyewa. Wa ke da gaskiya?

Amsa:

'Yata, wancan yajin aikin wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma yaran da suka nemi abin yi a lokacin sun cancanci yabo. Ɓoyon ne bai yi mini ba, kuma yakan fara ne in yaro ya ga duk abin da ya nuna za a karɓe. Ku zauna ku uku a raba ribar gida uku: kaso ɗaya ya koma cikin jari, ɗaya a ajiye don rajista da kuɗin ɗaki in an koma makaranta, ɗaya ya sayo wani abu sananne a gida da hannunsa, ko gas ne ko kuɗin wuta, yadda mahaifinsa zai gani da ido. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta shige da fice na kowace rana, mahaifinsa ya riƙa dubawa ranar Juma'a bayan an sauko. Ranar da aka koma karatu kuwa na'urar ta koma hannun ƙaninsa ko wani amintacce, ke kuma ki nemi ya nuna miki sakamakonsa na zangon da ya wuce kafin ya sake buɗe lema a bakin titi.