Lasisin gasar moto da kuɗin shiga: abin da za ka biya

Malam, ka tambaya daga Damagaram ko permi na tuƙi ya isa mutum ya shiga gasar moto, da kuma dalilin da ya sa ake neman kuɗi sau biyu. Permi na hanya ne kawai, gasa kuwa tana da nata lasisi, wanda hukumar wasan moto ta ƙasa take bayarwa, a ƙarƙashin hukumar duniya ta FIM da aka kafa a 1904.

Kuɗin lasisi daban ne da kuɗin shiga. Lasisi yakan haɗa da inshorar haɗari, kuma galibi ba a bayar da shi sai da takardar likita. Akwai na shekara, akwai kuma na gasa guda, wanda a ganina ya fi dacewa da mai gwada sa'arsa karon farko. Kuɗin shiga kuwa masu shirya gasa ne suke karɓa, yakan ƙaru idan ka makara da rajista, kuma da wuya a maido maka da shi idan ka janye a ƙurarren lokaci.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su manta da sauran ɗawainiya. Kwalkwalin da ake sayarwa a kasuwar Dole zai iya faɗuwa a wurin binciken kaya idan babu tambarin inganci a jikinsa, ga tayoyi, ga mai, ga kuɗin ɗaukar moto zuwa Yamai idan can ake gasar, tafiyar kusan kilomita 900.

Farashi yana canzawa kowace shekara, saboda haka ka nemi jadawalin kuɗin a rubuce daga hukumar, kuma ka sa ma'aikacin inshora ya bayyana maka ko tana biyan kuɗin asibiti idan ka ji rauni a wajen Nijar.