Tautau ne ko ba tautau ba: amsa ga uwar da ɗanta ya tashi da tabo a wuya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce ya tashi da safe da jan tabo mai ƙuraje a wuya, maƙwabta suka ce tautau ne.

Duba siffar tabon tukuna. Idan dogo ne kamar an ja layi da wuta, yana zafi irin na ƙuna, galibi aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin fitila da damina. Ba ya cizo. In aka murje shi a jiki, ruwansa ke ƙona fata bayan awa 12 zuwa 36. Idan kuma ƙurajen ruwa ne a jere a gefe ɗaya na jiki, ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farfaɗo, maganinta ya fi aiki cikin awa 72 na farko.

Gizo mai dafin gaske ana gane shi ta abin da ya biyo bayan cizon. Dangin Latrodektus, masu jan tambari ko ruwan lemo a ƙasan ciki, dafinsu jijiya yake kamawa. Cikin awa ɗaya ciwon zai haura daga wurin, tsoka ta riƙa murɗawa, ciki ya ƙame kamar katako, ga gumi da amai da hawan jini. Dangin Loksoseles, da suka fi yawa a nahiyar Amurka, dafinsu nama yake ci. Da farko ba zafi, sai bayan awa 2 zuwa 8, sannan tsakiyar wurin ya yi baƙi cikin kwanaki.

Ki wanke da sabulu, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 10, ki huta minti 10. Ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa. Ki zagaye jan da biro, da yamma ki duba ko ya ƙetare layin. Don Allah kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a shafa kananzir ko toka. Su ke jawo ruɓewa.

Murɗar ciki, numfashi sama-sama, zazzaɓi, fitsari kalar shayi, ko jan ya wuce layin biro: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba allurar tetanos.